Shekara Tara a Kan Lungu Ɗaya

Ba ta yarda da aikin hannun kowa ba, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. In ka miƙa mata takarda, kafin ta amsa gaisuwarka ta zaro jan biro daga jaka. Ta gyara wa likita rubutunsa, ta gyara wa mijinta wasiƙar neman ritaya har sau uku. Shi ya sa a ofishin lauyoyin da ta yi shekara ashirin da huɗu tana aiki ba mai kiranta da sunanta, sai Jan Biro. In an yi mata ƙorafi, amsarta ɗaya ce: "Ni ban ce ba ku iya ba. Cewa na yi ban duba ba tukuna."

Gado ta yi. Mahaifinta tela ne, irin wanda zai gama riga, ya ɗaga ta a hasken taga, ya ga zare ɗaya ya karkace, ya farke ɗinkin gaba ɗaya mai riga na tsaye yana jira. A gindin keken ɗinkinsa ta yi karatun firamare, shi ya kai ta har ta zama lauya, bai kuma taɓa ce mata ta yi ƙoƙari ba. Ita ma ba ta koyi faɗa wa kowa ba.

Ofishin yana hawa na biyu, a saman wani kantin magani. Matakala talatin da biyu ne, ta san adadinsu tun da gwiwoyinta suka fara ƙidaya su. Ɗakuna uku, fanka mai ƙara, da kabad-kabad na ƙarfe cike da fayil. Wanda ya kafa wurin, wanda kowa ke ce wa Tsoho, yana ɗakin ƙurya. Ita tana na tsakiya. A ɗakin gaba, kusa da sakatariya, akwai wani lauya mai shekara arba'in da ɗoriya da ake kira Sannu-Sannu, don ko gobara aka yi sai ya ɗaure igiyar takalminsa. Shekara shida tana mayar masa da rubutunsa ja-wur kamar an yanka kaza a kai. Bai taɓa fushi ba. "Na gode, Yaya," yake cewa, ya ɗauki abinsa.

A irin wannan ofis ba hirar da ta kai ta tafiya kamfani yawa. Lauyan ofis yana yi wa mutane da yawa aiki, yana yawon kotuna. Lauyan kamfani ubangidansa ɗaya, albashinsa ɗaya, aikinsa ya karanta yarjejeniya kafin a sa hannu, ya hana rigima kafin ta taso. Kowa ya san ƙofar tana nan, lokacin shiga ne ba wanda ya sani. Tsoho yakan ce wanda ya tafi da wuri bai san kotu ba, lauyoyin waje za su yi ta juya shi kamar waina a tanda. Sakatariya takan ce wanda ya makara kuma, kamfani ya ga furfura ya ce ya gode. Akwai ma wanda ya tafi, ya dawo bayan shekara biyu yana cewa zaman taro ya kusa kashe shi.

Sau biyu wani kamfanin ƙera tankunan ruwa da bututu ya nemi Jan Biro. Karo na farko tana da shekara talatin da biyar, Tsoho ya yi mata alkawarin sa sunanta a allon ƙofa, ta zauna. Ya cika alkawarin, allon yana nan har yau, rana ta cinye rabin haruffan. Karo na biyu ta ce su ba ta shekara ɗaya, akwai wata ƙaramar shari'a da ta fara, ta wani kafinta, tana gamawa za ta zo.

Shekara tara ke nan.

Shari'ar ba ta da wani girma. Tsakanin shagon kafintan da gidan burodin maƙwabcinsa akwai lungu mai faɗin taku biyar. Ta nan kafinta yake shigar da katako ta ƙofar baya tun zamanin ubansa. Wata rana mai burodi ya sa ƙofar ƙarfe a bakin lungun, ya garƙame da kwaɗo, ya ce filinsa ne. Kafinta ya kai ƙara. Tun daga nan ake ɗagawa. Yau shaida ba shi da lafiya, gobe taswirar safiyo, mai awon fili, ta ɓata a fayil ɗin kotu, jibi lauyan ɗaya ɓangaren yana wata kotun. Sau biyu aka canza alƙali, kuma duk sabon alƙali daga farko yake somawa, don bai ji shaidu da kunnensa ba. Jan Biro ta haddace fayil ɗin kamar karatun allo. Ko tana zazzaɓi ba ta yarda wani ya je mata kotu a kansa ba.

Da ta cika hamsin da ɗaya, manajan kamfanin ya zo da kansa. Ya hau matakalar yana haki, ya ƙi zama.

"Lauya, wannan ne na uku, kuma babu na huɗu," ya ce. "Mai riƙe mana aikin zai yi ritaya. Ki ba ni amsa ranar Juma'a, ki fara ɗaya ga wata. In ba haka ba, akwai wata da na ajiye takardarta a aljihun tebur."

Tana son aikin, ba ta yaudari kanta a kan wannan ba. Ta gaji da tashin asuba don kotun da ke nesa, ta gaji da zaman benci daga safe har azahar don a ce mata an ɗaga. Likita ya yi mata magana kan hawan jini, ta gyara masa rubutu amma ta ji abin da ya faɗa. Kuma a duk duniya wurin da ake biyan mutum don ya nemo kuskure a takarda kafin a sa hannu, shi ne can. Sai dai ƙa'idar kamfanin a fili take: wanda ya shiga, ba ya tsayawa wa mutumin waje a kotu. In ta tafi, ta bar kafinta ke nan.

Abin da ya kwantar mata da hankali shi ne saura ƙiris. An gama jin shaidu, ranar Litinin ɗin nan za a sa ranar hukunci. Ta lissafa cewa ko da mako biyu ne za ta roƙi manaja.

Ranar Litinin ta iso kotu da baƙar rigarta a hannu, ta tarar da ƙofar ɗakin a rufe. Magatakarda yana zaune a baranda yana cin gyaɗa.

"Ba ki ji ba? An yi wa mai shari'a sauyin wurin aiki."

"Wa zai yanke hukuncin?"

"Sabon da zai zo. Ya ce a kawo masa komai daga farko. Taku shari'ar na sa ta ranar tara ga watan gobe." Ya miƙa mata gyaɗar. "Ki ci, Lauya. Ni na riga na daina mamaki."

Kafinta yana tsaye a bayanta da hularsa a hannu. Da suka fara shari'ar baƙin gemu gare shi. Ya ce, "To, Allah ya kai mu," ya yi mata sallama da ladabi kamar kullum, ya tafi neman mota. Ita kuwa ta zauna a bencin barandar.

Da yamma ta tarar da maigidanta a tsakar gida yana gyaran rediyo. Malamin lissafi ne da ya yi ritaya, ba ya gaggawar magana. Ta zayyana masa komai, ta ƙare da cewa za ta kira manaja ta ba shi haƙuri.

"Ranki ya daɗe," ya ce, haka yake kiranta in zai tsokane ta, "alƙali nawa kika binne a shari'ar nan?"

"Ba wanda ya mutu. Sauya su aka yi."

"Uku cikin shekara tara. Kowane shekara uku ke nan. In na huɗun ya yi irin nasu, za ki ji hukunci kina da hamsin da huɗu, ko kuma ki ji an sauya shi." Ya hura ƙurar da ke cikin rediyon. "Ni dai lissafi na sani."

"Kai ba ka san fayil ɗin ba. Ba wanda zai iya riƙe shi."

"In kika faɗi a matakalar nan fa?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"Amin. Amma wani zai riƙe shi ran nan, ko ya iya ko bai iya ba. Gara ki miƙa da hannunki kina iya magana."

Ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa da ƙarfi don ya san ba ta yarda ba. Washegari ta zauna ta fara rubuta bayanin miƙa aiki.

Kwana biyu ta yi a kansa, ya kai shafi arba'in da ɗaya. Wane shaida ne ke rikicewa in an tambaye shi shekara, wace takarda ce lauyan mai burodi zai yi ƙoƙarin hana karɓa, har inda ake ajiye mota a kotun. Tsoho ya ce ba wanda zai karɓa sai Sannu-Sannu, don shi kaɗai ne ba ta kora da halinta ba. Ranar Alhamis da safe ta dire masa fayil ɗin da bayanin a tebur, ta tsaya a kansa. A ranta ta ƙudura cewa in ya yi tambayar banza ɗaya, ta fasa tafiya.

Ya juya shafukan a hankali, yana lasar yatsa. Can ya ɗago.

"Yaya, ta ina ake shiga lungun?"

"Shafi na shida. Ga taswira nan."

"Na ga taswirar. Da ƙafa nake nufi. In mutum ya sauka daga mota, ta ina zai bi?"

Ta kalli taswirar. Ta san faɗin lungun har ɗigon awo. Ta san shekarar da aka zuba masa siminti da sunan birkilan da ya zuba. Amma ba ta taɓa taka shi ba. Kotu ta taɓa sa ranar zuwa gani, aka yi ruwa, aka ɗaga, daga baya aka sauya alƙalin. Kafinta kuwa kullum shi yake zuwa ofis.

"Zan ɗan leƙa," in ji Sannu-Sannu, ya sunkuya yana ɗaure takalmi.

"Ba za ka je kai kaɗai ka ɓata mini shari'a ba," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Unguwar tana bayan tashar mota. Sun bi ta gaban masu walda da mai facin taya, ƙamshin burodi ya tare su kafin su ga gidan. Lungun ya fi yadda take zato ƙanƙanta. Ƙofar ƙarfen da ta yi shekara tara tana rubutu a kanta tana nan, a buɗe, an tokare ta da dutse, ciyawa ta fito a gindinta. Babu kwaɗo. Suna tsaye wasu ma'aikata biyu suka wuce ta ciki da dogon katako a kafaɗa, suka shige shagon kafinta ta baya. Ba a jima ba wani ya fito da baro cike da guntayen itace, ya tura shi gidan burodi.

A inuwar bangon akwai benci. Kafinta yana zaune a kai, kusa da shi wani tsoho mai garin fulawa a gira, suna shan shayi. Ta san fuskar, ta sha yi masa tambayoyi a akwatin shaida. Mai burodi ne.

Kafinta ya gan ta, kofin ya kusa suɓuce masa. Ya miƙe tsaye. Mai burodi ya tattara rigarsa zai gudu.

"Zauna, Baba, ba da kai zan yi magana ba, kana da lauya," ta ce. Ta ja kafinta gefe. "Tun yaushe ƙofar nan take a buɗe?"

"Shekara huɗu ke nan, ko biyar." Yana murza hularsa. "Kwaɗon ne ya yi tsatsa. Ɗan mai burodin ya ɓalle shi don yana son guntayen katakona ya riƙa hura tanda. Ba a sake sa wani ba."

"Kuma ba ka faɗa mini ba."

"Ai ke kika ce kada in kuskura in yi maganar lungu da shi, duk abin da na faɗa zai iya zama hujja. Shi ma haka nasa lauyan ya ce masa. To, ba ma yi. Muna hirar 'ya'ya, muna hirar ciwon baya, ranar kotu ma mota ɗaya muke shiga, sai mun kusa mu rabu. Amma lungu, ko da wasa." Ya saci kallonta. "Na ji tsoron in na ce miki a buɗe take, ki ce na kashe shari'ar da hannuna. Na taɓa cewa ko a sasanta, kika ce in bar miki aikinki."

Ta tuna. A shekara ta uku ne, tana tsakiyar rubutu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Me kake so yanzu, Baba?" Sannu-Sannu ya matso ya tambayi kafinta.

"In na mutu kada a rufe wa 'ya'yana hanya. Shi ke nan."

Daga kan benci mai burodi ya ɗaga murya, yana kallon bango kamar da shi yake: "Ni ban yi magana da kowa ba. Amma in da za a tambaye ni, ni dai a rubuta cewa filin nawa ne. Wucewa kuwa, su yi ta wucewa har tashin duniya."

Sannu-Sannu ya ciro waya ya kira lauyan mai burodi. Daga inda take tsaye tana jin dariyar mutumin. Shi ma bai taɓa zuwa ba. Kafin azahar ya iso a kan babur, su biyu suka zauna a kan wani teburin da ba a gama gogewa ba, suka rubuta sulhu shafi ɗaya: ƙasa ta mai burodi ce, hanya ta kafinta ce da magadansa, ƙofa ba za a kulle ta da rana ba. Za a kai wa sabon alƙali ranar tara ga wata ya mayar da shi hukuncin kotu.

Sannu-Sannu ya miƙo mata takardar da hannu biyu. Sau uku ta karanta. Ba haka za ta rubuta ba, jimlolin sun yi gajarta, ba ko ƙawa. Ta nemi ramin da wani zai faɗa nan da shekara ashirin, ba ta samu ba. Ta mayar masa.

"Ba laifi," ta ce.

"Yaya, maimaita. Ban taɓa ji ba."

"Kada ka saba."

Suka kamo hanyar ofis a mota. Ta yi zaton kunya za ta ji, ta kuma ji ta, har cikin ƙashi. Amma ƙarƙashin kunyar akwai wani abu mai sanyi, kamar an sauke mata tulu daga ka bayan doguwar tafiya. Ashe ba shari'ar ce ta riƙe ta ba. Tsofaffin nan sun daɗe da gama rigimarsu, suna zuwa kotu ne don kada lauyoyinsu su ji haushi.

Ranar Juma'a da ƙarfe tara ta kira manaja ta ce tana zuwa. Ta shiga wurin Tsoho da takardar barin aiki. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Na ɗauka gawarki za a fitar daga nan."

"Ni ma haka na ɗauka."

"Lokacin ya yi?"

"Ya wuce da shekara biyar. Sa'a na ci suka jira."

Ofishinta na kamfani a ƙasa yake, babu matakala ko ɗaya. Tagarsa tana kallon filin da ake loda tankuna a manyan motoci. A makon farko ta mayar wa sashen saye yarjejeniya huɗu, ta gano wata da ta ce kamfani ne zai ɗauki asarar duk abin da ya fashe a hanya ko da motar ta wani ce. Manaja ya yi gunaguni a baranda cewa ya kawo wa kansa masifa, ya dawo ya ƙara turo mata wasu shida. Ƙarfe biyar take tashi. Ranar farko da ta dawo gida da sauran rana, maigidan ya leƙa bayanta ya ce, "Lafiya? Ko an kore ki ne?"

Sai dai hali zanen dutse ne. Ranar tara ga wata tana zaune a taro kan sayen tayoyi, idonta na kan agogo. Kafin sha biyu ta kira Sannu-Sannu sau huɗu, wayarsa a kashe don yana gaban alƙali. Ta kira sakatariya sau uku, ta kira magatakardan kotu, har kafinta ta kira. Sai ƙarfe ɗaya saƙo ya shigo: an karɓi sulhun, minti goma aka yi. Ta ajiye wayar, ta ga manaja da mutum biyar suna jiranta ta ce wani abu a kan sakin layi na bakwai, ita kuwa ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Da aka tashi ba ta wuce gida ba. Ta je tsohon ofis, ta hau matakalar tana dafa bango, ta tarar da Tsoho da Sannu-Sannu da sakatariya suna shirin rufewa. Ta ƙi kujerar da aka jawo mata.

"Abu ɗaya na zo roƙo," ta ce. "Na san kaina. Zan sake kira. Zan ce gaisuwa ce, daga nan in tambayi shari'ar masu gidan haya, in tambayi ta direban nan, in ce a karanto mini abin da aka rubuta. Don Allah kada ku faɗa mini. Ku tambaye ni gwiwa, ku tambaye ni maigida. In na nace, ku ce aiki ya yi muku yawa, ku kashe wayar. Ko na yi fushi, ku kashe."